Ranar da Baba Direba Ya Karɓe Mini Mukulli

Shekarun baya, da yayata ta fita daga takaba, sai muka zauna a dangi muka ga ya fi dacewa ta bar Birmingham ta dawo kusa da ni a Manchester. Mijinta likita ne. Shekara goma sha huɗu suka yi a gida ɗaya a unguwar Handsworth, gidan haya, don marigayin kullum cewa yake baɗi za su tattara su koma Kano, me zai sa ya sayi gida. Allah bai yi ba. Ciwon zuciya ya ɗauke shi farat ɗaya, ya bar ta da yara biyu.

Na samo mata flat, wato ɗan gida a cikin bene, a unguwar Hulme, tafiyar minti goma da ƙafa daga gidana. Yaran tun mako guda kafin tashin suna wajen matata saboda makaranta. Saura kaya. Yaya ta ce a kira kamfanin masu kwashe kaya, na ce sam, ina raye ba za a kawo baƙi suna jefa kayan Dokta kamar buhunan gawayi ba. Dokta muke kiran marigayin. Gaskiyar magana kuma, akwai wani dalilin da ban faɗa mata ba. Ban daɗe da sayen mota ba, babba, baƙa, mai ƙugiyar jan kaya a baya, kuma ina neman abin da zan ja da ita.

Wani abokina mai aikin gyaran gidaje ya ara mini tirelarsa. Ba irin ƙatuwar motar da muke kira tirela a gida ba, akwatin ƙarfe ne mai taya huɗu da rufi, ana maƙala shi a bayan mota. Ya nuna mini yadda ake ɗaurawa da yadda ake haɗa wayar fitilu. Ina shirin tafiya ya fara cewa, "Ka dai duba..." Na katse shi. Na ce haba, mutumin da yake lissafin nauyin da gada za ta ɗauka, shi za a koya wa lodin akwati? Injiniya ne ni, kuma a wancan lokacin ba na barin kowa ya manta da hakan.

Ranar Asabar bayan sallar asuba na kama hanya. Tirelar babu komai a ciki, tana bina tana ɗan tsalle-tsalle, ni kuma ina leƙa madubi ina jin kaina. Wajen takwas da rabi na isa. Abokan Dokta biyu sun zo taya mu. Mai gidan ya ce ƙarfe biyar na yamma wakilinsa zai zo karɓar mukulli, domin Litinin sababbin masu haya za su shigo.

Muka fara da manyan kaya: gado, kujeru, firiza, wata tsohuwar wadrob ta katako da sai da muka haɗu mu uku kafin ta motsa. Sannan muka zo kan littattafai. Ban taɓa sanin yawansu ya kai haka ba. Kwali talatin Yaya ta ɗaure da hannunta, ta rubuta wa kowanne lamba. Akwai na likitanci, da tafsirai, da na tarihi, har da tsofaffin littattafansa na sakandare da ya yi ta yawo da su ƙasa-ƙasa. Na cusa su duk inda na ga rami, na danna ƙofa ta rufu da ƙyar. Na ja da baya na kalli aikina, na ce wa Yaya, "Sahu ɗaya. Ba na faɗa miki ba?"

Ta ce, "Sannu, Auta." Haka take kirana har yau da furfurata.

Duk wannan abin da muke yi, akwai wani dattijo zaune a kan ɗan bangon ƙofar gidansa, gida na biyu daga na su Yaya, da kofin shayi a hannu, yana kallonmu. Mutumin Jamaika ne, tun yana yaro aka kawo shi ƙasar, ya doshi saba'in. Ya tuƙa bas a cikin gari, daga baya ya koma manyan motocin kaya har ya yi ritaya. Yaya da yaranta Baba Direba suke ce masa, ya kuma san sunansa ke nan, yana amsawa. Sai da na rufe ƙofar sannan ya ajiye kofin ya taso. Ya zagaya tirelar sau ɗaya. Ya tsuguna ya kalli tayoyin. Ya kalli bayan motata da ya durƙusa kamar raƙumin da za a yi wa lodi.

Da Turancinsa mai daɗin ji ya ce, "Samari, ina za ka da wannan?"

Na ce Manchester.

Ya ce, "Da matar Dokta a ciki?"

Na ce eh mana. Na ƙara da cewa kada ya damu, injiniya ne ni, na san kan nauyi.

Ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla. Ashe ka iya karanta lamba. Buɗe mini ƙofar direba."

Na buɗe. Ya nuna mini wani ɗan faranti a jikin ginshiƙin ƙofar, wanda ban taɓa lura da shi ba, da layin lambobi huɗu a kai. Ya sa yatsa a na farko ya ce wannan iyakar nauyin motar ne da duk abin da ke cikinta: kilo 2,100. Na biyu kuma iyakar motar haɗe da abin da take ja: 3,600. Ya ce, "Cire na farko daga na biyu, Injiniya." Na ce 1,500. Ya ce, "To shi ne abin da motarka za ta ja. Ni kuwa idona ya ce mini abin da ka ɗura a can ya kusa tan biyu."

Na fara kawo hujja, cewa masu ƙera mota kullum suna barin rara a lissafi. Ya ja ni bayan tirelar ya nuna mini lambar da ke jiki. Lambar motar abokina ce. Ya ce a ƙasar nan irin wannan tirelar ba a yi mata rajista ta daban idan ba ƙetare za a kai ta ba, amma dole ta ɗauki lambar motar da take janta. Wato tun daga Manchester nake tafe, gabana wata lamba, bayana wata.

Sannan ya miƙo hannu ya ce in ba shi lasin ɗina. Ya juya bayansa, ya matso da shi kusa da ido, ya daɗe yana dubawa. Ya koma gaban tirelar ya nuna mini nata farantin, an rubuta iyakarta kilo 2,000. Ya ce masu lasin irin nawa, waɗanda suka samu daga 1997 zuwa sama, idan za su ja babbar tirela, sai a haɗa iyakar nauyin motar da ta tirelar, kuma kada jimlar ta wuce 3,500. Idan ta wuce, sai an yi wata jarrabawa ta daban. Tawa 4,100 ta tashi.

Na ce, "To ai sai mu rage kayan."

Ya ce, "Ba ka gane ba. A nan ba kayan ake aunawa ba, abin da ke rubuce a faranti ake dubawa. Ko gashin kaza ɗaya ne a ciki, lasin ɗinka bai ba ka damar janta ba. Da safen nan ma Allah ne ya rufa maka asiri. Da wani abu ya faru a hanya, inshora wanke hannunsu za su yi."

Abokan Dokta suka sami abin kallo a ƙasa. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ƙarfe goma sha biyu ta wuce, gida ya zama fanko, kaya suna cikin akwatin da ba ni da ikon matsar da shi ko taku ɗaya. Duk da haka, ku ji wauta, sai da na ja Yaya gefe na ce mata da Hausa, "Yaya, awa biyu ce fa. In muka bi a hankali babu wanda zai tare mu."

Ta dube ni, dubawar da rabon da in ga irinta tun ina firamare. Ta ce, "Auta, yaran nan uba ɗaya suka rasa. Kana so ka ɗauki uwarsu da kawunsu ka ɗora a kan babbar hanya da abin da birki ba zai riƙe ba, don kada a ce ka yi kuskure?"

Na janye maganata.

Baba Direba bai ji Hausa ba, amma ya ga fuskata. Ya ce, "Lasin ɗina tsoho ne, ya ba ni damar jan wannan. In inshorarka za su yarda su sa sunana na yau kaɗai, ni zan kai ku." Yaya ta ce a'a Baba, wahalar ta yi yawa. Ya ce mata, "Shekara nawa mijinki yana shigowa gidana duk Juma'a da yamma yana auna mini jini, ba wanda ya aike shi? Ki bar ni in yi wannan."

Na kira inshora, aka yi ta tambayoyi, aka sa shi. Sai maganar lamba. Shagon da ke buga lambar mota ba sa bugawa sai ka nuna takardar mallakar motar. A nan ne lalacina ya yi mini rana. Tun da na sayi motar matata take cewa in shigo da takardun cikin gida, ni kuwa na bar su a aljihun gaban mota. Cikin rabin awa na dawo da sabuwar lamba, muka ɗaura. Sai Baba Direba ya buɗe tafin hannunsa a gabana. Na ɗora masa mukullin motata.

Akwai wani wajen masu sayen tsofaffin ƙarafa a bayan layinsu, suna da sikelin auna motoci, irin wanda ake hawa kansa da mota. Ya ja mu can a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwai. Aka auna tirelar ita kaɗai: 1,980. Mai sikelin ya ce ƙarfe huɗu yake rufewa. Muka juyo.

Dole a sauke kusan kilo ɗari biyar. A wajena lissafin a fili yake, littattafan ne nauyin, su za a sauke. Na ce a ba wani masallaci ko a kai shagon da ke sayar da kayan sadaka, tunda dai yanzu komai yana cikin waya. Yaya tana tsaye a bakin ƙofa da jakarta a hannu. Ta ce, "In littattafan nan ba su hau ba, ni ma ban hau ba."

Na ce, "Yaya, ba karanta su za ki yi ba fa."

Ta ce, "Na sani." Sannan ta ce, "Rubutunsa yana ciki. Ba ya karanta littafi sai da biro a hannu. Yaran nan wata rana za su so su ga yadda ubansu yake tunani. Sauke firizar."

Aka sauke firiza, ta ce a shigar wa wata maƙwabciya mai yara biyar. Aka sauke wadrob ɗin da ta kusa karya mana baya, ɗaya daga cikin abokan Dokta ya ce zai turo a ɗauka. Teburin cin abinci ya bi, buhunan shinkafa biyu suka bi. Na ce to a zuba sauran kwalayen a but ɗin mota mana. Baba Direba ya sake nuna mini farantin nan, layi na huɗu, ya ce tayoyin baya ma da nasu iyakar, kuma nauyin ƙugiya yana kansu.

Yaya ta tuna akwai sikelin auna mutum na Dokta a cikin wani kwali. Aka tono shi aka ajiye a bakin titi. Ni ne mai hawa: in hau ni kaɗai a rubuta, in rungumi kwali in sake hawa a rubuta. Haka duk Handsworth ta san nauyina a ranar. Wata tsohuwa da ke wucewa da kwandon cefane ta tsaya ta leƙa ta ce in rage cin shinkafa. Yaya ta ƙyalƙyale da dariya har tana dafa bango. Tun rasuwar ban ji dariyarta ba sai a lokacin.

Bayan duk wannan, lissafi ya nuna sai an bar kwali goma sha biyu. Yaya ta tsaya tana kallonsu. Baba Direba ya ce, "Falona na gaba babu mai zama a ciki tun da matata ta rasu. Babu danshi. Su zauna har ranar da kika so." Ta zauna a kan dakali tana buɗe kwalayen ɗaya bayan ɗaya, tana zaɓen wanda zai tafi da wanda zai jira. Ina ta kallon agogo, amma ban yi gigin ce mata ta hanzarta ba.

Dattijon ya sa muka sake lodin daga farko. Masu nauyi a ƙasa, daidai kan tayoyi, ba a can ƙarshe ba inda na jibge su da safe. Ya ce da na hau babbar hanya da wancan lodin, babbar mota ɗaya ta wuce ni, tirelar za ta fara kaɗa wutsiya, kuma in ta fara ba ta bari sai ta juya motar. Saura minti goma sha biyar a rufe muka koma sikeli. 1,460. Mai sikelin ya ba mu 'yar takarda, Baba Direba ya ninke ta ya sa a aljihun rigarsa.

Muka yi la'asar a falon da babu komai sai kafet. Wakilin mai gida ya zo, Yaya ta miƙa masa mukulli, ta shiga gaban mota ba ta waiwaya ba. Ni kuwa aka ba ni kujerar baya, a cikin motata, da tukunyar furanni a kan cinya.

Bai wuce mil sittin a awa ba ko sau ɗaya, ya ce iyakar mai jan tirela ke nan, kuma layin ƙarshe na dama haramun ne gare mu. Kowa yana wuce mu. Da muka bar gari sai ya fara ba Yaya labarin Dokta, abubuwan da ita kanta ba ta sani ba. Yadda Dokta ya taɓa kama shi yana cin soyayyen kifi mai gishiri a ɓoye, ya ƙwace, ya zauna a kan bango ya cinye a gabansa wai don ya cece shi. Yadda suke musun ƙwallo. Yadda ranar jana'izar matarsa Dokta ya zo da babbar riga ya tsaya a bayan coci har aka gama. Yaya tana dariya tana share hawaye da gefen mayafi. Ita ma ta fara ba shi nata. Ina baya ina ji, sai na gane wata huɗu da kwana goma muna zuwa mata gaisuwa muna cewa ta yi haƙuri, amma babu wanda ya zauna ya yi hirar mutumin da ita.

Rani ne, lokacin da rana takan daɗe ba ta faɗi ba a ƙasar nan, da sauran rana muka isa Hulme. Ya shigar da tirelar da baya cikin wani ɗan lungu, sau ɗaya tak, hannu ɗaya a kan sitiyari. Matata ta yi tuwon shinkafa da miyar taushe. Ya ci yana gumi yana neman ƙari. Ya kwana a ɗakin baƙinmu, washegari na kai shi tashar jirgin ƙasa. Abokina da kansa ya zo ya ɗauki tirelarsa, ya ce, "Abin da na so in faɗa maka ke nan ka katse ni." Na ce na ji.

Zuciya ta sa na je na yi rajistar jarrabawar jan tirela. Karo na farko na faɗi a wajen komawa da baya, na take robar da aka jera har biyu. Karo na biyu na ci. Ba a yi wata shida ba gwamnati ta soke jarrabawar gaba ɗaya, ta ce masu lasin irin nawa su ja abinsu. Da na faɗa wa Baba Direba a waya sai da ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Amma ya ce in tuna lasin kaɗai aka sassauta, farantin jikin mota yana nan yadda yake.

Idan na tuna ranar nan yanzu ba kunyar nake ji ba, ta daɗe da wucewa. Abin da ya zauna mini shi ne yadda na tashi da niyyar taimakon 'yar'uwata, amma rabin niyyar ta nuna kaina ce, har na kusa ɗora ta a kan hatsari. Ilimin da nake taƙama da shi na gaske ne, sai dai bai hana ni wuce ɗan faranti a ƙofar motata kullum ban karanta ba. A wajen aiki yanzu, in tsohon lebura ya ce mini "Oga, ka dai duba," nakan ajiye abin da ke hannuna in saurara har ya kai aya.

Yaya ta zauna lafiya a Hulme. Yaran sun girma, babbar tana jami'a. Littattafan kuwa, ba ta yarda na koma na kwaso su a mota ba. Duk bayan wata biyu ko uku takan hau jirgin ƙasa ranar Asabar, da dambun nama marar yaji a jaka, ta je ta yini a Handsworth, ta gaida tsofaffin maƙwabta, ta tabbatar dattijon yana shan maganinsa, ta dawo da kwali ɗaya a akwati mai taya. A haka ta kwashe goma sha ɗaya. Na ƙarshen yana can bayan ƙofar falonsa shekara da shekaru, ya ɗora masa rediyo a kai. Ita ba ta ɗauka ba, shi bai tuna mata ba, kuma zuwan bai tsaya ba.

Kwanakin baya aiki ya kai ni Birmingham. Na kira ta na ce tunda ina kusa, bari in biya in ɗauko mata ragowar kwalin nan a huta.

Ta ce, "Auta, wa ya aike ka?"